Lungun da Ya Shiga Waya

Dogo, taubashina,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Yaya jikin Kawu? Ka gaishe min da shi gaisuwa ta musamman, ka ce masa 'yarsa tana nan ƙalau, in ban da rana da ta mayar da ni kamar gindin tukunya. Na ji daɗi da ka ce ya fara taka ƙafar. Allah ya ƙara sauƙi.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga hannuna. Inda aka turo mu babu sabis, sai ka hau tudu ka ɗaga waya sama kana juyi kamar mahaukaci. Direbanmu zai shiga gari, shi zai jefa min ita a gidan waya. In za ka ba ni amsa ka aika ofishinmu, suna ajiye min a kwando har in dawo.

Aikin dai shi ne wanda kake kira yawon banza. Muna bin unguwanni da ƙauyukan da babu su a taswirar waya. Da safe mu fita da 'yar na'ura a aljihu tana ɗaukar sawunmu, mu bi kowace hanya. Da yamma mu zauna gaban kwamfuta mu ɗora sawun a kan hoton da aka ɗauko daga sama, mu ja layi: wannan ta mota ce, wannan ta ƙafa, nan famfo, nan asibiti. Bayan ɗan lokaci duk mai waya zai gan su. Bana an ce sai mun zagaye inda ba mu taɓa takawa ba, don haka kada ka sa ran ganina kusa.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ka tuna ranar da Kawu ya faɗi bara? Motar asibiti tana ta kewaya unguwa, kai ka fita a guje babu takalmi kana nemanta a bakin titi, ni ina riƙe da kansa a tsakar gida, direban yana ce min a waya, “Baiwar Allah, ba ku cikin taswira.” Wannan maganar ta tsaya min a wuya har yau. Likita ya ce da an kai shi da wuri, da ɓarin jikin bai shanye haka ba. Mutumin da ya riƙe ni tun rasuwar Inna, ya sa ni makaranta tare da kai bai bambanta ba, ni ce mai zana wa baƙi hanyoyinsu, amma tasa ƙofar babu.

To na sa ta. Ban ma nemi sawu ba, lungun da na ƙuje gwiwa a cikinsa ai ba sai na auna ba. Na ja layi daga babban titi, ya wuce ƙofarmu da shagonka na gyaran firiji, ya ɓulla ta wajen bishiyar mai aski zuwa titin kasuwa. Na rubuta shi hanyar abin hawa don kada wata mota ta sake cewa ba ta gan mu ba. Ka duba wayarka nan da 'yan makonni. Wannan ce tsarabata, kada ka ce ban taɓa yi maka komai ba.

Taubashiyarka da ta fi ka hankali.

*

Ƙafar-yawo,

Amin wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta wa Baba har sau biyu don ya ce na farko ina cinye kalmomi. Muna lafiya. Maiɗakina ta yi fama da haƙori, an cire, ta samu sauƙi. Tana gaishe ki, ta ce ki riƙa rufe kanki daga rana.

Jikin Baba mun gode Allah. Mai gashin ƙashi ya ce maganinsa ɗaya ne yanzu, tafiya kullum, ko yana so ko ba ya so. Ya ce ƙafa irin wannan in aka bar ta ta zauna, zaman take koya. Don haka kowace safiya in ya sha shayi sai ya ɗauki sanda a hannun mai lafiya, ya jingina ɗaya kafaɗar da bango, ya ja jiki. Da farko iyakarsa ƙofar shagona. Daga baya ya kai famfo. Makon da takardarki ta zo ya kai har bishiya. Mai aski ya tashi ya ba shi kujerar kwastoma, suka zauna suna gyara duniya da baki har rana ta take. Ba ya yarda a riƙe shi. Na taɓa kai hannu, ya ce in na ƙara sai ya rotsa min kai da sandar.

Sai maganar tsarabarki. Kai, mun gode! Mun gode wa mai taswira, Allah ya bar mana ita. Ashe haka shiga waya yake da daɗi. Lungun da a da sai kaji da mai tallan gawayi ke bi, yanzu ya zama gari. Kin san fitilar bakin kasuwa da ke tsayar da mutane har su manta inda za su. To wayar 'yan kai saƙo ta gano cewa in suka yanko ta ƙofarmu sun huta da ita. Tun safe har yamma babura ne, kowa da akwati a baya, faɗinsa ya fi na ƙaramin firiji. Na tsayar da ɗaya na ce, “Malam, gidan wa kake nema?” Ya nuna min wayar da ke ɗaure a kan babur ya ce, “Ita ta ce in bi nan, Baba.” Kin ji, ni ma na zama Baba. Shekaranjiya wata ƙaramar mota ta shigo, ta wuce ƙofarmu, ta je inda lungun ya tsuke ta maƙale. Muka taru muka tura ta da baya, mun samu motsa jiki kyauta.

Baba ma ya samu 'yan rakiya. A da shi kaɗai yake tafiyarsa, yanzu ana yi masa oda gaba da baya kamar wani babban mutum. Yakan manne da bango su wuce, sannan ya ci gaba. Don haka ki yi ta yawonki hankali kwance, kin gama mana komai. In kin samu sarari tsakanin otal da otal, ki leƙa ki ga aikin hannunki.

Baba ya ce Allah ya yi miki albarka.

Taubashinki, wanda ya riga ki zuwa duniya.

*

Dogo,

Sallama. Ina fatan kowa lafiya, haƙorin maiɗakinka kuma ya bar ta ta ci abin da take so. Ka yi haƙuri da jinkiri, takardarka ta daɗe a kwando, na dawo na tarar da ita ƙarƙashin takardun ofis har ta fara lanƙwashewa. Ni lafiya, sai tari da na kwaso a hanya, shi ma ya tafi.

Wallahi na yi hawaye da na karanta Kawu ya kai bishiya. A tsaye nake a bakin tebur, abokiyar aikina ta ɗauka rasuwa aka yi min. Ka ce masa in na zo ni da shi za mu yi tsere daga ƙofa zuwa wajen mai aski, kuma ba zan raga masa ba.

Sannan ka ce “mun gode” da bakinka! Kai da ko ruwa na miƙa maka sai ka ce ya yi ɗumi. Na adana takardar, shaida ce, ranar da ka musa zan fito da ita a gaban yaranka.

Watannin nan ban san inda kaina yake ba. Daga wancan wurin marar sabis aka wuce da mu wata unguwa a bakin ruwa, gidaje a kan katako, inda hanyoyin kan canja in ruwa ya cika. Daga nan wani gari mai duwatsu, na'urata ta faɗa rami na bi ta da ciki. Na kwana a ɗakunan da ban iya tuna launin bangonsu ba. Akwai safiyar da na farka na rasa ta wane gefe ƙofar take, na buɗe kabad zan fita. Akwatina ban kwance shi duka ba tun farkon shekara, abin da ke sama shi nake sawa.

Amma ga labari mai daɗi. An yi babban taron masu aikin taswira, aka ce in yi jawabi. Kowa ya zo da alƙaluma da zane-zane, mutane suna hamma. Ni kuwa na haska hoton lungunmu a bango, na ba su labarin motar asibiti, sannan na karanta musu layinka: “Lungun da a da sai kaji da mai tallan gawayi ke bi, yanzu ya zama gari.” Dogo, ɗakin ya ɗauki tafi. Shugabarmu ta rungume ni. Da muka koma ofis aka duba sawun wayoyin da ke wucewa, aka ga a duk hanyoyin da muka ƙara bana babu wadda ake bi kamar tamu. Yanzu in za a koya wa sababbin ma'aikata amfanin aikin, da ita ake misali.

Maganar motar da ta maƙale ta ba ni dariya, har na hango ka kana turi da dogayen ƙafafun nan. Direbobi ne ba sa duba gabansu. Za su saba.

Jibi zan sake fita, wannan karon da nisa. Ka sumbaci hannun Kawu a madadina.

Ni ce, wadda ta sa ka a waya.

*

Ƙafar-yawo,

Sallama. Yara lafiya, uwarsu lafiya. Baba ba lafiya ba.

Wannan takardar a shago nake rubuta ta, kuma ba zan karanta masa ba. Waccan na karanta masa kafin in rufe, don shi ya ce in yi hakan. Tun ranar da baburan suka fara na ce zan gaya miki, ya ɗaga min sanda ya ce, “Yarinya ta yi kyauta da zuciya ɗaya, ba za ka mayar mata da ita a fuska ba. In ka rubuta mata ƙorafi ban yafe ba.” Shi ya sa na naɗe miki maganar cikin wasa. Na ce wannan da muka tashi ɗaki ɗaya, ta san muryata in ina dariya, ta san ta in ina cizon haƙora. Na rubuta miki tsoho mai rabin jiki yana manne wa bango babura suna wucewa, ke kuma kika karanta “mun gode”. Har kika kai ta gaban mutane aka tafa miki.

To ga ta babu wasa. Ranar Talatar da ta wuce da hantsi Baba yana dawowa daga bishiya, ya kai inda lungun ya tsuke, babur ya shigo. Yaron da ke tuƙa shi bai yi gudu ba, ba zan yi masa ƙarya ba. Baba ya manne kamar yadda ya saba. Babur ya wuce, akwatin bayansa ya ɗauke sandar. Ina cikin shago da ƙarfen walda a hannu na ji ihun matar maƙwabci. Na tarar da shi a kwata, gefen da ya mutu a ƙasa, yana ƙoƙarin tashi da hannu ɗaya, rigarsa duk ruwan wanke-wanke. Yaron ya tsaya yana kuka yana cewa, “Wallahi wayar ce ta kawo ni.” Ban san wanda zan mara ba.

Babu karaya, likita ya duba. Ƙugu ne ya bugu, sai goshi da aka ɗinke. Amma abin da ya karye ba ya fita a hoton asibiti. Mutumin da ke korar hannuna yanzu in ya ji ƙarar babur daga kan gado sai ya damƙe gefen katifa. Da safe na kawo masa sanda, ya ce a bari sai gobe. Goben ta zo ya ce ƙugu. Mai gashin ƙashi ya zo ya yi faɗa, ya ce ko a tsakar gida ne ya riƙa zagayawa. Kin san tsakar gidanmu, in ya miƙa sanda ta taɓa bango. Kuma Baba ba don tafiya yake tafiya ba, don ya je ya zauna a kujerar mai aski a matsayin mutum yake yi.

Na tare bakin lungun da benci, suka ɗaga suka wuce. Na rubuta “Ba hanya” a kwali na rataya, suka duba kwalin, suka duba waya, suka bi waya. Na kira ki ya fi a ƙirga, a kashe.

Ke kika ja layin nan daga inda kike zaune, ba ki zo kin ga ko babur da mutum za su iya giftawa ba. Ƙauyukan mutane kina bin su da ƙafa kina aunawa, namu kuwa kin ce ba sai kin auna ba. Ki goge shi. Ba roƙon taubashi ba ne, kuma babu abin dariya a ciki ko ɗaya.

Dogo.

*

Ƙafar-yawo,

Sallama. Muna nan. Ban ji daga gare ki ba, ga damina har ta ja baya. Na kira ofishinku, wata ta ce kina fili, takardunki suna kwando. Na ce ta buɗe ta karanta miki a waya, ta ce ba a yin haka.

Baba bai fita ba tun ranar. Ƙafar ta fara sirancewa, wandonsa yana yawo a kanta. Yanzu sai an riƙe shi zuwa banɗaki, kuma ya daina korar hannuna. Na fi son lokacin da yake zagina.

An kaɗe akuyar maƙwabci, an kuma goge wata yarinya a hannu. Masu gidajen lungun sun zauna a ƙofar shagona, kowa yana kallona kamar ni na ja layin. Sun fara maganar bulo da siminti su toshe lungun. Na roƙe su su dakata, na ce 'yar'uwata za ta gyara. Kada ki mayar da ni maƙaryaci.

Dogo.

*

Yaya,

Sallama. Ban taɓa kiran ka haka ba, yau na kira. Ya jikin Kawu? Don Allah ka gaya min gaskiyar yadda yake, ko da ba za ta yi min daɗi ba. Ni lafiyar jiki ƙalau.

Takardunka biyu tare na same su. Na karanta ta biyun kafin ta farkon, ban gane komai ba, sannan na buɗe ɗayar. Na koma na ɗauko tsohuwar da na adana, wadda na karanta a taro. Duk abin yana ciki, baƙi a kan fari. Ban san da wane ido na karanta ta ba. Amma kai ma, Dogo, tun muna yara ba ka taɓa gaya min magana a miƙe ba. In ka ce girkina ya yi daɗi, ƙonewa ya yi. In ka ce na yi muni, kwalliyar ta yi. Rana ɗaya na ɗauki maganarka yadda ta zo don ina ƙishirwar jin ta, sai ta zama ranar da bai kamata ba. Da layi ɗaya ka ƙara a bayan ambulan bayan Kawu ya gama ji, da na gane.

A ranar na zauna na mayar da lungun hanyar ƙafa. Bayan kwana kaɗan na duba, ya koma ta abin hawa. Na goge shi gaba ɗaya, ya dawo. Ga yadda abin yake. Manhajarmu tana kallon sawun wayoyin da ke wucewa. In ta ga ana bin wuri da gudun babur kullum, sai ta ɗauka ma'aikaci ne ya yi kuskuren gogewa, ta mayar. Ni na kawo baburan, yanzu baburan ne shaidar cewa hanya ce. Ban da haka, kamfanonin kai saƙo sun riga sun kwafi taswirarmu sun zuba a tasu, waɗannan kuwa hannuna ba ya kaiwa.

Na je wajen shugabarmu. Ta saurare ni, ta jajanta, sannan ta ce kafin a kulle hanya a hana manhaja taɓa ta sai ma'aikaci ya je da kansa da na'ura da tef, ya auna faɗin, ya ɗauki hoto. Na ce ni zan je, gidanmu ne. Ta ce ai shi ya sa ba ni ba, tunda ni na sa ta tun farko ba tare da awo ba. An sa sunan lungun a layin jira. Ta kuma roƙe ni kada in yayata, don hoton yana cikin rahoton ƙarshen shekara da aka riga aka buga.

An ce kowa ya rubuta waiwayen shekararsa, abin da ya yi da inda ya je. Na zauna gaban takarda. Na shiga jirgi da kwalekwale da bayan babbar mota. Na zana hanyar da wata ungozoma ta ce ta rage mata rabin tafiya. Na san wannan gaskiya ne, ba zan ce aikin banza na yi ba ko da kai ka ce. Amma duk shekarar nan ban kwana gida ko sau ɗaya ba, kuma layi ɗaya tak na ja don wani nawa. Na miƙa musu takardar da abin da suke so a ciki, an ba ni allon yabo mai gilashi. Yana cikin akwati, ban san inda zan rataya shi ba.

Saura fita ɗaya, ba zan iya zamewa ba, daga nan sai gida. Ka roƙi maƙwabta su ƙara haƙuri kaɗan. Na haɗo da takalma a cikin kwalin nan, masu taushin ciki da ƙasa mai kama ƙasa, an ce irinsu ake ba masu koyon tafiya. Na daɗe da sayensu, tun ina tsammanin tsere za mu yi. Ka ce masa in na zo ni zan riƙa tare masa bakin lungun da jikina har ya je ya dawo.

Ƙanwarka.

*

Ƙafar-yawo,

Amin wa alaikumus salam. Yara lafiya, sun samu hutu. Maiɗakina tana gaishe ki. Kin ce in gaya miki gaskiyar jikin Baba, to ga ta. Yana cin abinci, yana magana, hankalinsa garau. Ƙafar ce babu. Mai gashin ƙashi ya zo makon jiya ya ɗaga ta ya lanƙwasa ya saki, sannan ya ja ni waje. Ya ce gwiwar ta ƙage, mai lafiyar ma ta bi ta saboda zama. Ya ce za a ci gaba da gashi don kada ta yi ciwo, amma kada in sa rai. Ya kawo shawarar keken guragu, ban kai maganar ɗaki ba tukuna.

Kin ce da na ƙara layi ɗaya a bayan ambulan. Na yi ta juya wannan a raina ina kwance ƙusoshin firijin mutane. Wataƙila haka ne. Ni na bi maganar ubana, ke kin bi abin da kike so ki ji, shi kuma yana kan gado. Ki raba yadda kika ga dama, ni na gaji da rabon.

Maƙwabta ba su jira ba, kuma ban ƙara roƙonsu ba. Sun kawo magini ya ja bango a inda lungun ya tsuke, tsayinsa ya wuce kaina. Kwanakin farko abin ya fi da muni: babura su shigo, su ci karo da bango, su juyo suna zagi, kowanne ya wuce ƙofarmu sau biyu. Daga baya suka ragu, suka ɗauke. Jiya na duba waya, layinki ya tsaya daidai bangon. Manhajarku ta ga babu sawu ta gyara kanta, ba ta jira mai tef ba. Ki gaya wa shugabarku ta cire mu daga layin jira. Motar asibiti za ta iya zuwa har ƙofa ta gaba, wannan kam kin yi.

Bishiyar da mai aski suna bayan bangon. Daga ƙofarmu ana hango saman ganyenta. Mai son zuwa can yanzu sai ya fita babban titi, ya bi ta fitila, ya kewayo ta kasuwa. Mai aski yakan yi wannan kewayen ranar da ba shi da mutane, ya zo ya yi wa Baba gyaran fuska a kan gado. Na roƙe shi kada ya ambaci bangon, na roƙi yara, na roƙi uwarsu. Tagar Baba tsakar gida take kallo, bai sani ba.

Takalman sun iso, daidai ƙafarsa kamar an gwada. Ya sa na sa masa su a kan gado, na ɗaure igiyar. Ya daɗe yana kallonsu. Yanzu kullum da safe bayan shayi sai an sa masa, da yamma a cire a ajiye a kan kujera inda zai riƙa ganinsu. Ƙasansu fes, ko ƙura babu. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya nuna masa ya ce 'yarsa ce ta aiko daga wajen aiki.

Shekaranjiya ya kira ni ya ce in yi shiru in saurara. Na saurara, babu komai sai kaji. Ya ce, “Ka ji? Na gaya maka za ta gyara. Kai ne mai gaggawa.” Ya ce in rubuta miki ƙugun ya kusa saki, ranar da kika zo zai sa takalman ku tafi bishiya tare, mai aski ya ga irin 'yar da ya riƙa. Na ce to.

In kin tashi zuwa ki shigo ta babban titi. Kafin ki shiga ɗakinsa ki tsaya a shago, mu san wanda zai gaya masa tsakanin ni da ke, don ni na kasa.

Ya ce kuma lallai in rubuta miki ya gode. Na rubuta. Wannan godiyar ta gaske ce, babu wasa a cikinta, tasa ce ba tawa ba. Kina iya adana ta.

Dogo.